Henry na Takwas: Sarkin da neman magaji ya raba shi da Paparoma

A jikin kuɗin ƙarfe na Birtaniya, kusa da sunan Sarki Charles, akwai wasu haruffa biyu, F da D, waɗanda ke taƙaita wani laƙabi na harshen Latin mai ma'anar "Mai Kare Addini".

Paparoma Leo na Goma ne ya bai wa Sarki Henry na Takwas wannan laƙabi a shekarar 1521, domin yaba masa kan wani littafi da ya wallafa, inda ya kare ɗarikar Katolika daga sukar malamin nan na ƙasar Jamus, Martin Luther.

Shekaru 13 bayan haka, sarkin ya yanke hulɗar ƙasarsa da fadar Paparoma, ya zama shugaban cocin Ingila, ya kuma sa aka fille kawunan manyan mutanen da suka ƙi amincewa da hakan.

Ba wata sabuwar aƙida ce ta kai shi ga wannan mataki ba. Mace yake son rabuwa da ita, ɗa namiji yake nema, Paparoma kuma ya ƙi ba shi hanya.

Matar yayansa

An haifi Henry a ranar 28 ga watan Yuni na shekarar 1491, kuma ba shi aka shirya wa sarauta ba. Yayansa Arthur ne yarima mai jiran gado.

Mahaifinsu, Henry na Bakwai, da takobi ya samu mulki a shekarar 1485, bayan kimanin shekaru 30 ana yaƙin basasa tsakanin gidajen sarautar Ingila. Gidan Tudor sabo ne a lokacin, akwai kuma iyalan da ke ganin sun fi shi cancantar karagar.

Domin ƙarfafa gidan nasa, tsohon sarkin ya nemo wa Arthur aure daga ƙasar Spain. Amaryar ita ce Catherine ta Aragon, 'yar autar Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella, waɗanda suka ci Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, a shekarar 1492. Daga fadar Alhambra ma ta taso zuwa Ingila a 1501.

Watanni biyar da ɗaura auren Arthur ya rasu yana da shekaru 15. Tun da ƙasashen biyu ba sa son ƙawancen ya wargaje, sai aka shirya ƙanensa ya aure ta. Dokar coci ta haramta wa mutum auren matar ɗan'uwansa, amma Paparoma Julius na Biyu ya ba da izini na musamman.

Henry ya hau gadon sarauta a watan Afrilun 1509 yana gab da cika shekaru 18, ya kuma auri Catherine bayan makonni kaɗan. Jakadun ƙasashen waje sun bayyana shi a matsayin dogon saurayi kyakkyawa, mai jin Faransanci da Latin, gwanin hawan doki da kiɗa, mai son muhawara kan addini.

Auren ya shafe fiye da shekaru 20, abin da mutane kan manta idan ana lissafa matansa shida. Ya amince da Catherine har ya bar mata riƙon ƙasa sa'ad da ya tafi yaƙi Faransa a 1513, a lokacin ne kuma sojojin Ingila suka kashe sarkin Scotland a fagen fama.

Amma haihuwa ba ta zo musu da sauƙi ba. Catherine ta ɗauki ciki aƙalla sau shida. Ɗan da ta haifa a ranar farko ta shekarar 1511 ya rasu bayan kwana 52. Mary, wadda aka haifa a 1516, ita kaɗai ta rayu.

Ba saki, ba kishiya

Zuwa tsakiyar shekarun 1520, Catherine ta kai shekara 40, kuma ta daina haihuwa. Ba a taɓa naɗa mace ta mulki Ingila da sunan kanta ba. Da aka yi yunƙurin haka a ƙarni na 12, yaƙin basasa ne ya biyo baya. Fargabar Henry ke nan, kuma ba za a ce ba ta da tushe ba.

Ga wanda ya saba da shari'ar da ta halatta saki da ƙarin aure, zai yi mamakin yadda wannan batu ya girgiza nahiyar Turai. A dokar cocin Katolika, auren da ya ɗauru kuma aka tare, mutuwa ce kaɗai ke raba shi, mace ɗaya kuma aka yarda namiji ya aura. Yana da ɗa namiji da wata farkarsa ta haifa masa a 1519, sai dai ɗan da ba na aure ba ba ya gadon sarauta.

Ƙofa ɗaya ta rage masa: ya sa coci ya yanke hukuncin cewa auren tun asalinsa ɓatacce ne, bai taɓa ɗauruwa ba.

Hujjarsa ita ce wata aya a cikin Tsohon Alkawari, wadda ta haramta auren matar ɗan'uwa, ta kuma yi gargaɗin rashin zuriya ga wanda ya aikata. Henry ya ce mutuwar 'ya'yansa maza hukuncin Allah ne, kuma babu Paparoman da ke da ikon halatta abin da Allah ya haramta. Masu goyon bayan sarauniya suka kawo wata ayar da ta umarci mutum ya auri matar ɗan'uwansa idan ya mutu bai bar ɗa ba. Ita kuma Catherine ta rantse cewa Arthur bai taɓa kusantar ta ba, a kan wannan magana ta tsaya har ta mutu.

Akwai kuma Anne Boleyn, ɗaya daga cikin matan da ke yi wa sarauniya hidima, wadda ta yi tarbiyya a fadar Faransa. Ta ƙi yarda ta zama farkarsa kamar yadda 'yar'uwarta Mary ta taɓa zama. Wasiƙu 17 na soyayya da ya rubuta mata suna nan a ɗakin karatu na Vatikan. Abin lura shi ne, a dokar cocin, alaƙarsa da 'yar'uwar Anne ta haramta masa ita kamar yadda auren Arthur ya haramta masa Catherine, amma a nan sai ga shi yana roƙon Paparoma irin iznin da yake cewa Paparoma ba shi da ikon bayarwa.

Da a wani lokaci ne, da wataƙila an biya masa buƙata. An warware auren Sarki Louis na 12 na Faransa a 1498, an kuma warware na yayar Henry, Margaret, a 1527.

Amma a wannan shekara ta 1527 sojojin Sarki Charles na Biyar, mai mulkin Spain da Jamus da wasu sassan Italiya, suka wawashe birnin Roma, Paparoma Clement na Bakwai ya zama tamkar fursuna a hannunsu. Charles kuwa ɗan yayar Catherine ne. Paparoma ba zai iya wulaƙanta innar mutumin da ke riƙe da shi ba, don haka ya yi ta jan ƙafa.

A 1529 aka buɗe kotun coci a birnin Landan. Catherine ta durƙusa a gaban mijinta a bainar jama'a, ta ce shi shaida ne a kan budurcinta, ta fice, ta ɗaukaka ƙara zuwa Roma. Kotun ta watse ba hukunci. Babban waziri Thomas Wolsey, wanda ya yi wa sarki alkawarin nasara, ya rasa muƙaminsa, ya mutu a hanya a 1530 ana tafiya da shi fuskantar tuhumar cin amanar ƙasa.

Batun yi wa Catherine kishiya ma ya taso. Jakadan Henry a Roma ya rubuto a 1530 cewa Paparoma ya taɓo masa yiwuwar a ƙyale sarki ya riƙe mata biyu. Martin Luther ma, da aka nemi ra'ayinsa a 1531, ya nuna cewa gara sarki ya ƙara aure kamar yadda magabata na Tsohon Alkawari suka yi, da ya kori matarsa. Shawarar ba ta je ko'ina ba, domin abin da Henry ke nema shi ne magajin da babu wanda zai yi shakkar halaccinsa.

Sarki ya zama shugaban coci

Mutane biyu ne suka nemo masa mafita: Thomas Cromwell, lauya ɗan talakawa da ya zama babban mashawarcinsa, da Thomas Cranmer, malamin jami'ar Cambridge. Shawararsu ita ce, idan Roma ta ƙi yanke hukunci, to a ƙwace ikon yanke hukuncin daga hannunta.

Aka fara da limamai. A 1531 aka tuhume su baki ɗaya da laifin bin ikon wata ƙasa, na kudancin Ingila kaɗai suka biya tarar fam dubu 100.

A watan Janairun 1533 Henry ya auri Anne a asirce, tana ɗauke da ciki. Majalisar dokoki ta haramta ɗaukaka ƙara zuwa Roma. Cranmer, wanda aka naɗa Akbishop na Canterbury, ya yanke hukunci a watan Mayu cewa auren Catherine ɓatacce ne. A ranar 7 ga Satumba Anne ta haihu. Mace ce, aka sa mata suna Elizabeth.

A watan Nuwamban 1534 majalisa ta zartar da dokar da ta ayyana sarki a matsayin shugaban ƙoli na cocin Ingila a doron ƙasa, musanta hakan kuma ya zama cin amanar ƙasa.

Akasarin manyan ƙasar sun yi rantsuwar biyayya. Cikin 'yan ƙalilan da suka ƙi akwai Bishop John Fisher da kuma Thomas More, tsohon babban alƙalin ƙasa kuma aminin sarki, wanda ya taimaka wajen tsara littafin nan da ya samo wa Henry laƙabinsa. An fille kawunansu a 1535.

Kwana 19 na watan Mayu

Catherine ta rasu a watan Janairun 1536 a wani gida da aka killace ta, an hana ta ganin 'yarta. A ƙarshen watan, kwanaki kaɗan bayan sarki ya yi mummunar faɗuwa daga kan doki a wajen wasan sukuwa da mashi, Anne ta yi ɓarin ɗa namiji.

A ranar 2 ga Mayu aka kama ta, aka tuhume ta da zina da maza biyar, ciki har da ɗan'uwanta na jini George, da kuma ƙulla makircin kashe sarki. Akasarin masana tarihi na ganin ƙage aka yi mata, domin a wasu ranakun da takardar tuhuma ta ambata, ba ta ma cikin wuraren da aka ce an aikata laifin.

Kwana biyu kafin a kashe ta, Cranmer ya hukunta cewa aurenta ma bai taɓa ɗauruwa ba. Babu wanda ya yi ƙarfin halin tambayar yadda matar da ba ta da aure za ta ci amanar miji. An sare kanta da takobi a ranar 19 ga Mayu, a gidan kurkukun Hasumiyar Landan. Washegari aka yi baikon sarki da Jane Seymour, aka ɗaura aure a ranar 30 ga watan.

Jane ce ta haifa masa ɗan da ya daɗe yana nema, Edward, a watan Oktoban 1537. Ta rasu kwana 12 bayan haihuwar.

Dukiyar coci

A daidai wannan lokaci Cromwell ya juya kan gidajen ruhubanawa, wato maza da matan da suka keɓe kansu don ibada ba tare da aure ba. Gidajen na riƙe da filaye masu yawa da mutane suka bayar wakafi tsawon ɗaruruwan shekaru, a nan kuma matafiya ke sauka, marasa lafiya da mabuƙata ke samun taimako.

Tsakanin 1536 da 1540 aka rufe fiye da gidaje 800, aka ƙwace dukiyarsu. A arewacin Ingila mutane kimanin dubu 30 suka yi bore a 1536. Sarki ya yi musu alkawarin afuwa har suka watse, daga baya ya sa aka kashe kimanin 200, har da jagoransu Robert Aske.

Yawancin filayen bai riƙe su ba. Ya sayar wa attajirai da masu sarauta domin ya biya kuɗin yaƙe-yaƙensa da Faransa da Scotland. Wannan ciniki ya fi kowace doka tasiri wajen tabbatar da rabuwar, domin duk iyalin da ya sayi gonar coci ya samu dalilin ƙin dawowar Paparoma. Ko da Mary ta hau mulki ta mayar da ƙasar Katolika, ba ta iya karɓe filayen ba.

Aure uku na ƙarshe ba su kawo haihuwa ba. Anne ta Cleves, gimbiya daga Jamus da Cromwell ya zaɓo saboda ƙawancen siyasa, hotonta kawai sarki ya gani kafin ta iso, da ya gan ta kuma bai so ta ba. Aka warware auren a watanni shida a 1540. Ta amince ba gardama, ta samu gidaje da laƙabin 'yar'uwar sarki, Cromwell kuwa ya rasa kansa a ranar da Henry ya auri Catherine Howard, yarinyar da ba ta kai shekara 20 ba. An kashe ta a 1542 bisa zargin cin amanar aure. Ta shida, Catherine Parr, bazawara ce mai ilimi, wadda ta jawo 'ya'yansa uku a jiki. A zamaninta ne dokar 1544 ta mayar da Mary da Elizabeth cikin jerin magada, ko da yake ba a janye hukuncin da ya ce ba 'ya'yan halas ba ne.

A kan wace aƙida ya mutu?

Sau da yawa akan ce Henry ne ya mayar da Ingila ƙasar Furotesta. Maganar tana buƙatar gyara.

Gaskiya ne a 1538 ya ba da umarnin a ajiye Littafi Mai Tsarki na Ingilishi a kowane coci, a lokacin da akasarin jama'a ba sa jin Latin da ake ibada da shi. Ya kuma rushe wuraren ziyarar waliyyai, ciki har da kabarin Thomas Becket a Canterbury. A ƙarshen shekarar Paparoma Paul na Uku ya tabbatar da korarsa daga coci.

Amma a 1539 ya sa aka yi dokar da ta jaddada manyan aƙidun Katolika, ta hana limamai aure, har sai da Akbishop Cranmer ya mayar da matar da ya aura a ɓoye ƙasar Jamus. A 1543 aka hana leburori da 'yan koyon sana'a da talakawan mata karanta Littafi Mai Tsarkin da shi ya ba da izinin fassarawa.

Abin da ya faru a ranar 30 ga Yulin 1540 ya nuna matsayinsa ƙarara. A rana guda, a fili guda a Landan, aka ƙone malaman Furotesta uku bisa laifin bidi'a, aka rataye limaman Katolika uku bisa laifin biyayya ga Paparoma. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ƙone, Robert Barnes, shi ne mutumin da ya taɓa kawo masa ra'ayin Luther kan batun aurensa.

Ya rasu a ranar 28 ga Janairun 1547 yana da shekaru 55, da ƙiba mai yawa da gyambo a ƙafa, har sai an ɗauke shi a kujera a cikin fada. A wasiyyarsa ya bar kuɗi domin a riƙa yi wa ransa addu'o'i irin na Katolika.

'Ya'yansa uku, addini uku

Edward ya hau mulki yana da shekaru tara, masu riƙon ƙwarya suka shigo da aƙidar Furotesta sosai, aka mayar da ibada cikin Ingilishi a 1549. Ya rasu yana da shekaru 15. Mary ta mayar da ƙasar ƙarƙashin Paparoma, a mulkinta na shekaru biyar aka ƙone kimanin mutane 280, ciki har da Cranmer, wanda ya raba auren mahaifiyarta.

Elizabeth, 'yar da aka yi baƙin cikin haihuwarta, ita ce ta yi mulkin shekaru 44, kuma tsarin da ta kafa a 1559 shi ne tushen cocin Ingila na yau: aƙidar Furotesta, da bishop-bishop irin na Katolika, da mai sarauta a sama.

Rabuwar ta sauya har abokan hulɗar Ingila. Bayan Paparoma ya kori Elizabeth daga coci a 1570, ta nemi ƙawance a ƙasashen Musulmi. Ta yi musayar wasiƙu da Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Uku, aka bai wa 'yan kasuwar Ingila damar ciniki a 1580. A 1600 kuma ta karɓi jakadan Sarkin Moroko Ahmad al-Mansur, wanda sojojinsa suka rusa daular Songhai a 1591.

Elizabeth ba ta yi aure ba. Da mutuwarta a 1603 gidan Tudor ya ƙare, sarauta ta koma hannun zuriyar yayar Henry da ke Scotland.

Cocin ya bi sawun daular Birtaniya zuwa sassan duniya. Ƙungiyar mishan ta CMS ce ta kawo shi Najeriya, aka kuma naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864, daga baya Dakta Walter Miller ya yi aiki a Zariya. Cocin Anglika na Najeriya, wanda ya samu cin gashin kansa a 1979, yana cikin mafiya yawan mabiya a duniya, ya kuma daɗe yana takun saƙa da Canterbury kan batun auren jinsi.

A Birtaniya kanta, dokar 1701 ta hana ɗan Katolika hawa gadon sarauta, kuma har yanzu tana aiki. Bishop 26 na cocin Ingila na da kujeru a majalisar dattawa. Gyaran da aka yi a 2013 ya halatta wa mai sarauta auren ɗan Katolika, ya kuma soke fifita ɗa namiji a kan mace wajen gado.

Cocin da aka kafa domin raba aure ya shafe ƙarnuka yana ƙin ɗaura wa wanda ya yi saki aure muddin tsohon abokin zamansa na raye. Wannan na cikin abin da ya sa Sarki Edward na Takwas ya yi murabus a 1936 domin ya auri wata Ba'amurkiya da aurenta ya mutu sau biyu. Sai a 2002 aka sassauta dokar, duk da haka a ofishin rajista Yarima Charles ya auri Camilla a 2005.

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa a karon farko Kiristoci ba su kai rabin mutanen Ingila da Wales ba, Musulmi kuma sun kai kashi 6.5 cikin 100. Duk da haka, a bikin naɗinsa na watan Mayun 2023, Sarki Charles ya yi rantsuwar kare aƙidar Furotesta, ko da yake an bai wa wakilan sauran addinai, har da Musulmi, rawar takawa a bikin.

A ranar 23 ga Oktoban 2025 kuma ya halarci addu'a tare da Paparoma Leo na 14 a fadar Vatikan, karo na farko da wani shugaban cocin Ingila ya yi haka a bainar jama'a tun zamanin Henry.